Injin Mendosino: amecha mai shawagi a kan maganadisu, haske na juya ta

Injin Mendosino ɗan ƙaramin injin lantarki ne da ba shi da batir, ba boris, ba buroshi. Amecharsa, wato ɓangaren da ke juyawa, tana shawagi a iska saboda tunkuɗar maganadisu, an manna mata ƙwayoyin sola a gefuna huɗu, haske na sauka a kanta sai ta kama juyawa shiru. Yawancin masu haɗa shi a karon farko maganadisu mafi ƙarfi suke fara nema, alhali abin da ke hana injin tashi kusan kullum ɗayan uku ne: amecha ta rinjaya gefe ɗaya, an haɗa koyil, wato naɗin waya, da ƙwayoyin da ba nasa ba, ko an yi kuskuren milimita biyu wajen jera maganadisun ɗagawa.

Asalin dabarar daga Amurka take. A 1954 Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson na cibiyar bincike ta Bell Labs suka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani, sannan a 1962 Chapin ya bayyana injin da haske ke sauya masa alkiblar wuta, a cikin kayan gwaji da aka shirya wa ɗalibai. Nasa a tsaye yake, yana juyawa a kan tsinin allura. Larry Spring, wani mai gwaje-gwaje a garin Fort Bragg da ke gundumar Mendosino a Kalifoniya, shi ne ya nuna mai shawagi a kan maganadisu a 1994, sunan gundumar kuma ya bi injin.

Abin da ke ɗaga amecha

Ana sa zoben maganadisu ɗaya a kowane ƙarshen sandar amecha. A ƙasa, daidai ƙarƙashin kowane zobe, ana kafa maganadisu biyu a jikin katako, ɗaya dama ɗaya hagu, da tazara a tsakaninsu. Dukkansu shida fuskarsu ta arewa waje ɗaya take kallo, a miƙe da tsawon sandar. Saboda haka na ƙasa biyun suna tunkuɗa zoben sama, na dama na tura shi hagu, na hagu na tura shi dama, nauyin amecha na danna shi ƙasa, sai ya zauna a kwarin da ke tsakaninsu. Sama da ƙasa ya samu mazauni, dama da hagu ma haka.

Saura gaba da baya, nan kuwa ba ya zama. Tun 1842 Samuel Earnshaw, masanin lissafi ɗan Ingila, ya tabbatar da ƙa'idar da ta nuna cewa duk yadda aka jera maganadisu masu tsayayyen ƙarfi, ba za su riƙe abu cak a iska ta kowace fuska ba. In an toshe hanya biyu, ta uku a buɗe take. Kamar a ɗora lemo a kan sirdin doki ne: gaba da baya sirdin ya tashi yana tare shi, amma ta gefe gangara ce. Wannan ne ya sa kowane injin Mendosino na gaskiya yake da ɗan bangon gilashi ko madubi a gefe ɗaya, wanda tsinin sandar ke jingina da shi. Wurin da ya taɓa bai kai kan allura ba, kuma da yake a tsakiyar juyin yake, gogayyar da ke wurin kaɗan ce ƙwarai. Bakin biro da tawadarsa ta ƙare ya fi komai dacewa, domin ƙwallon da ke cikinsa yana da tauri da santsi. Duk wanda ya ɓata kwanaki yana neman jerin da zai raba shi da gilashin nan da maganadisu zalla, wahalar banza yake yi.

Akwai hanyoyin kewaye ƙa'idar, sai dai kowace da sharaɗinta. Ana iya sa maganadisun lantarki da na'urar da ke jin motsin sandar tana gyara ƙarfinsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, amma wannan yana buƙatar wuta daga waje, sau da yawa fiye da wadda injin kansa ke bayarwa. Akwai kuma wani nau'in girafait, dangin baƙin cikin fensir, da maganadisu ke tunkuɗawa ta kowace fuska, wanda siririn yankinsa ke shawagi ba tare da jingina ba. A 2012 masu bincike biyu a jami'ar Aoyama Gakuin ta Japan, Masayuki Kobayashi da Jiro Abe, sun nuna faifan irin wannan girafait yana juyi fiye da 200 a minti a cikin hasken rana. Sai dai abin da yake iya ɗauka bai taka kara ya karya ba, ba zai ɗaga koyil da ƙwayoyin sola ba.

Yadda haske ya maye gurbin buroshi

A injin da aka saba, irin na kik ɗin mota, buroshi ne ke gogar zoben jan ƙarfe mai tsage-tsage, suna juya alkiblar wutar koyil duk rabin zagaye. In ba haka ba amecha za ta yi rabin juyi ta tsaya. A nan haske ne ke wannan aiki. Ƙwayoyi biyu da ke bayan juna, ta sama da ta ƙasa, ana haɗa su kai da ƙafa: tabbatacciyar wayar wannan da korarriyar waccan, korarriyar wannan da tabbatacciyar waccan, sannan a haɗa bakin koyil biyu a mahaɗan nan biyu. Idan ƙwaya ta farko ce a sama tana shan haske, wuta na bin koyil ta wata fuska. Amecha ta yi rabin juyi, ta biyu ta hau sama, wutar ta juya baya. Amma shi ma koyil ɗin ya kife a lokacin, saboda haka wayar da ke kusa da maganadisun tuƙi, wanda ke ƙarƙashin amecha, kullum waje ɗaya wutarta ke nufa, turi kuma bai sauya ba. Sauran ƙwayoyi biyun da koyil na biyu suna cike gurbin da ke tsakani.

Maganadisun tuƙi shi ne babban da ke kwance a katako ƙarƙashin tsakiyar amecha, fuskarsa ɗaya na kallon sama. Waya mai ɗauke da wuta idan ta ratsa gaban maganadisu, ana tura ta gefe. Ƙarfin turin ya dogara ga abu huɗu da ake ninkawa: yawan zagayen waya, ƙarfin maganadisu a wurin, yawan wutar da ke gudana, da tsawon wayar da ke gabansa.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ɓata rai, domin komai zai yi kyau a ido amma injin ya ƙi tafiya. In haske daga sama yake zuwa, dole ne a lokacin da ƙwaya ke kallon sama, wayoyin koyil ɗinta su kasance ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wato koyil ya bi ta ƙarƙashin ƙwayoyin da aka haɗa shi da su. In aka haɗa shi da na gefe, wuta za ta fi yawa daidai lokacin da wayoyin ke dama da hagu, inda turinsu ba ya juya komai. Amecha sai ta yi ta lilo ta tsaya. Wasu kan naɗa koyil ta kusurwoyi maimakon tsakiyar fuska, don waya ta ƙara kusantar maganadisu. Wannan yana aiki, amma irin wannan injin ya fi son haske daga gefe ɗaya a karkace, kimanin digiri 45, in kuma aka kawo fitilar ta ɗaya gefen da irin wannan karkata sai ƙarfinsa ya mutu. Kife maganadisun tuƙi kuwa yana juya alkiblar juyin gaba ɗaya.

Lissafin waya

Ƙwayar silikon guda, komai girmanta, kimanin rabin volt take bayarwa. Girma yawan wuta yake ƙarawa: kusan miliamfiya (ma'aunin yawan wuta) 30 zuwa 35 a kowane santimita murabba'i a tsakar rana. Ƙwaya mai milimita 52 da 19, wadda ake yawan amfani da ita, tana ba da kusan miliamfiya 300. A guji ƙananan farantan da aka rubuta wa volt 5 ko 6, irin na jikin tocila, domin an yayyanka su ƙanana an jera, wutarsu kaɗan ce, sai da koyil mai zagaye da yawa na siririyar waya suke aiki.

A ɗauki amecha mai tsawon milimita 55 da kauri 22 zuwa 25. Zagaye ɗaya na cin waya kusan santimita 16. Wayar jan ƙarfe mai fenti, mai kaurin milimita 0.25, tana da turjiya, wato yadda take tare wuta, ta om 0.35 a mita, saboda haka zagaye 100 ya zama mita 16, om 5.6, nauyi giram 7. Da rabin volt, wutar da za ta bi ta kusan miliamfiya 90 ce. Wajen sayen waya a wurin masu naɗin koyil ɗin fanka, a tambaya da milimita, domin lamba 30 a ma'aunin Amurka 0.25 ce, a na Ingila kuwa 0.315.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. A rana mai ƙarfi, ƙara zagaye ba ya ƙara turi. In ka ninka zagaye zuwa 200, turjiya ta ninka, wuta ta koma rabi, ka dawo inda kake, ga ƙarin nauyi. Abin da ke ƙara turi a rana kaurin waya ne. Mai milimita 0.4 za ta sauke turjiyar zuwa kusan om 2.2, ta sha mafi yawan wutar da ƙwayar ke iya bayarwa, amma kowane koyil zai kai giram 18, sai an ƙara maganadisun ɗagawa. A cikin ɗaki lamarin ya juya. Can ƙwayar ba ta da wutar bayarwa, wataƙila miliamfiya 5 ko ƙasa, kuma wannan ɗan abin zai ratsa koyil ko zagayensa 100 ne ko 400. To a nan kowane ƙarin zagaye riba ne: zagaye 400 na waya mai milimita 0.15 zai ba da turi ninki huɗu da nauyin giram 10 kacal. Don haka tun kafin a fara naɗi sai a yanke shawara, injin tsakar gida ake so ko na kan tebur. Kuma a gwajin ɗaki tsohon ƙwan fitila mai zafi ya fi farin ƙwan zamani tayar da shi, saboda silikon yana cin hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani, tsohon ƙwan kuwa shi ya fi fitarwa.

Gudu ma yana da iyaka. Koyil da ke juyawa a gaban maganadisu janareta ne, yana haifar da nasa volt da ke karo da na ƙwayar. A misali, in ƙarfin maganadisu a wurin wayar tesla (ma'aunin ƙarfin maganadisu) 0.05 ne, zagaye 100, tsawo santimita 5, nisa daga sanda milimita 12, to a juyi 1,000 a minti volt ɗin karon ya kai kusan 0.3, a wajen juyi 1,600 kuma ya cinye rabin volt ɗin gaba ɗaya. Maganadisu mafi ƙarfi yana sa injin saurin tashi, amma yana rage ƙarshen gudunsa. Haka ma yawan zagaye.

Haɗawa

Jikin amecha a yi shi da katako marar nauyi ko roba, a fafe rami mai zurfin milimita 3 zuwa 4 a tsakiyar kowace fuska don waya ta kwanta. Kada a yi shi da dunƙulen alminiyam, domin in yana juyawa a gaban maganadisu wuta na kewayawa a cikinsa tana taka masa birki. Sanda ta zama ta tagulla, ko alminiyam siriri, ko busasshen itace miƙaƙƙe, mai kaurin milimita 3 zuwa 4 da tsawon santimita 16 zuwa 20. Sandar baƙin ƙarfe ba ta yi, maganadisun tuƙi zai jawo ta ƙasa. A mirgina ta a kan gilashi tukuna, in tana tsalle a lanƙwashe take, a sake wata. Ramin sandar kuma dole ya bi tsakiyar jikin sak, domin karkatar da aka yi a nan ba ta gyaruwa daga baya.

Wajen naɗi, sanda tana tare hanya a ƙarshen amecha biyu. A raba zagayen gida biyu, 50 ta damanta, 50 ta hagunta, don nauyi ya daidaita. A kankare fentin bakin waya sosai kafin a sa dalma. Ƙwayoyin sola tsirara kaurinsu kusan milimita 0.2 ne, danna ɗaya da yatsa ke fasa su, saboda haka a liƙa musu waya tun suna kwance a kan tebur, da ƙarfen liƙi mai tsabta, taɓawa ɗaya ta daƙiƙa biyu ko uku. Kafin a manna su a jiki, a gwada kowace da mita a rana, a haɗa masu ba da wuta kusan ɗaya a bayan juna.

Don amecha mai giram 30 zuwa 50, zoben niyodimiyam (nau'in maganadisu mai ƙarfi sosai) mai faɗin milimita 12 a sanda da fayafai masu milimita 15 zuwa 20 a ƙasa sun isa farawa, da tazarar kusan santimita 4 daga tsakiyar na dama zuwa tsakiyar na hagu. Wannan tazarar da gwaji ake kammala ta, don haka kada a sa gam sai an gama. In sun matsu da juna, kwarin ya cike, amecha ta hau sama ta zame gefe. In sun yi nisa, ta nutse har kusurwarta ta taɓa maganadisun tuƙi. Abin da ake nema shi ne kusurwar amecha ta wuce saman maganadisun tuƙi da milimita 3 zuwa 5. Sannan a matsar da zobban sanda milimita 1 zuwa 2 daga saitin na ƙasa, zuwa wajen gilashi, don turin gaba da baya ya danna tsinin a jikin gilashin a hankali. In matsawar ta yi kaɗan, sandar za ta yi tsalle baya ta faɗi. In ta yi yawa, ɗagawa ta ragu, tsini ya riƙa cin gilashi. A bar aƙalla santimita 3 tsakanin zobban da maganadisun tuƙi don kada su riƙa jan juna.

Zoben maganadisun tsohuwar sifika yana iya aikin tuƙi, ko da yake ƙarfinsa bai kai na niyodimiyam ba. Na cikin faifan ajiyar bayanai na kwamfuta kuwa arewa da kudu suna gefen juna a fuska ɗaya, turin rabi yana kashe na rabi, bai dace ba. Ƙananan maganadisun niyodimiyam a nesanta su da yara: in yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, abin sai tiyata.

Daidaita nauyi shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi biya. A misalin da ya gabata, turin da ke kan waya a tsakar rana bai wuce nauyin giram biyu da ɗan kai ba. Rinjayen rabin giram a gefe ɗaya, wanda ɗigon dalma biyu ko uku ke kawowa, ya riga ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. A hasken ɗaki kuwa ya fi ƙarfin injin gaba ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a duhu-duhu a juya amecha a sake ta, a yi alama a fuskar da ta tsaya a sama. In kullum ita ce ke tsayawa a sama, ita ce marar nauyi, a manna mata ɗan guntun salatif ko ɗigon gam a sake gwadawa, har sai amecha ta riƙa tsayawa duk inda ta ga dama.

In ya tashi amma yana rawa

Tunkuɗar maganadisu tana da ɗabi'ar sifirin, kuma babu abin da ke kwantar da girgizarta. Akwai wani gudu, galibi 'yan ɗaruruwan juyi a minti, inda juyin ya yi daidai da lilon da amecha ke yi da kanta, sai rawar ta yi ta ƙaruwa har ta watsar da ita. Amecha mai daidaito tana ratsa wannan wurin ta wuce ta nutsu. Wadda ta ƙi, ana taimaka mata da guntun jan ƙarfe ko alminiyam mai kauri a kusa da zoben sanda ba tare da ya taɓa ba. Zobe mai juyawa a tsakiyarsa ba ya sauya komai a jikin guntun, amma da ya fara lilo sai wuta ta kewaya a ciki ta danne lilon.

Farin tebur ko farar takarda a ƙarƙashi yana mayar da haske ga ƙwayar ƙasa, ita kuma wutarta kishiyar ta sama ce, don haka a shafa wa katakon baƙin fenti. Kusoshi da sukurori na baƙin ƙarfe kusa da amecha suna sa ta cijewa. Zafi kuma abin kula ne a ƙasashenmu: a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai iska kanta tana haura digiri 40, baƙin abu da aka bari a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Gam ɗin kyandir yana laushi, maganadisu su zame daga saiti, saboda haka gam mai haɗi biyu ya fi. Niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa har abada daga wajen digiri 80, ƙwayar silikon kuma tana zubar da kusan milivolt 2 a kowane ƙarin digiri. Ƙurar hunturu tana dushe ƙwayoyi, tana kuma taruwa a jikin maganadisu da wurin tsini. Murfin roba mai haske yana maganin ta, yana kuma tare iskar da ke kaɗa amecha.

Batun janareta

Da yawa in injin ya tafi sai su ƙara ƙananan maganadisu biyu ko huɗu a sandar, su kafa koyil a kusa, su kunna ɗan ƙwan LED. Gwaji ne mai kyau, kuma yana yiwuwa: jan ƙwai na son kusan volt 1.8, fari kusan 3, don haka koyil ɗin na buƙatar zagaye dubu ko fiye na waya siririya, kuma cikinsa ya zama fanko, domin in an sa ƙarfe zai fizgo sandar daga mazauninta. Amma a dubi adadin. Hasken da ke sauka a kan ƙwaya mai santimita murabba'i 10 a tsakar rana kusan wat 1 ne. Ƙwayar da kanta tana mayar da shi wutar kusan miliwat 150. Injin misalinmu, a gudun da ya fi ba da ƙarfi, bai wuce miliwat 11 a sanda ba, janaretan kuma zai sake zubar da wani kaso. Wanda ke son wuta, ya jera ƙwayoyin nan huɗu a kwance su kalli rana, ya samu ninki hamsin na abin da sandar ke bayarwa. Bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok na injin maganadisu mai ba da wuta kyauta ba tare da rana ko mai ba, yaudara ce, kuma tana cinye kuɗi da ƙwazon matasa masu basirar hannu. Maganadisu yana ɗaga nauyi yana kawar da gogayya, amma ba ya ƙara ko ɗigon makamashi.

Inda ɗagawar maganadisu ke da riba ta gaske shi ne inda gogayya ce babbar asara. Da yawa daga cikin tsofaffin mitocin wuta masu faifai mai juyawa da maganadisu ake rataye faifan don kada tsini ya cinye. A Stephentown ta jihar New York akwai tashar ajiyar wuta mai megawat 20 da ta fara aiki a 2011, mai manyan ƙafafun juyi 200 da ke gudu a kan maganadisu cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Su ma ajiya suke yi, abin da aka zuba musu suke mayarwa, da ɗan ragi.

Mai son ya ga wannan da idonsa a kan nasa injin, ya bar koyil ɗin janareta a buɗe, ya auna gudun amecha da na'urar auna juyi, ko ya ɗauke ta a bidiyo mai tafiyar hawainiya ya ƙirga. Sannan ya haɗa bakin koyil ɗin biyu ta cikin rezisto, ɗan abin da ke tare wuta, mai om 100 ya sake aunawa, fitila na nan inda take. Gudun zai sauka, domin wutar da ke bin koyil tana haifar da maganadisun da ke ja da juyin, abin da Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. A auna volt ɗin da ke kan reziston da mita a ɓangaren wuta mai kai da komowa, a ninka shi da kansa, a raba da 100. Abin da ya fito shi ne wat ɗin da janaretan ke bayarwa, sai a kwatanta shi da na ƙwaya ɗaya da aka ajiye a ƙarƙashin wannan fitilar.